Alewa a Kan Gwiwar Malam Rifa'at

Ni na raini Mitwalli, don haka in na ce muku yaron nan ya san rabin mutanen Alƙahira ta gwiwa, kada wani ya yi mini musu. Fuska kam bai san ta kowa ba. Ku tsayar da mutum a gabansa, sai ya yi ta kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Amma ku zaunar da mutumin nan a bencin jirgin ƙasa, Mitwalli ya sauke ido kan wandonsa, nan take zai gaya muku tashar da yake sauka da ranar da ake biyansu albashi.

Ɗan yayana Sabri kwandasta ne, Allah ya jiƙan yayan nawa. Yana da shekara tara uban ya rasu, uwar ta bi shi bayan shekara biyu, ni Nagah na ɗauko shi muka zauna a ɗakuna biyu a Marg, can ƙarshen layi inda jirgi yake juyawa. Ni safa da ribom da fil ɗin ɗankwali nake sayarwa a taragon mata, shekara goma sha takwas ke nan, da su na biya masa makaranta har ya samo difloma a harkar kasuwanci. Muka sa ta a gilashi muka rataye saman firji. Shekara guda yana yawon ofisoshi, kowa ya ce masa ajiye takardunka za mu kira ka, har takalminsa ya buɗe baki. Ran nan da safe na dire masa leda cike da alewa mai na'a-na'a kusa da kofin shayinsa.

"Gwaggo, ni fa mai difloma ne."

"Ai ba a hana mai difloma cin abinci ba. Tashi mu tafi."

A hanya na koya masa aikin, don sana'ar jirgi tana da ƙa'ida. Ka shiga ta ƙofar farko, ka yi sallama, ka bi layin benci kana ɗora alewa ɗaya-ɗaya a kan gwiwar kowa, in mace ce a kan jakarta. Ka kai ƙarshen tarago, ka juyo. Wanda ya ɗora hannunsa a kan alewa ya saya ke nan, tsaya ka karɓi kuɗinka. Wanda ya kau da kai yana kallon taga, alhali a cikin rami muke ba abin gani sai fuskarsa, ɗauke kayanka ka wuce. Wanda ya riga ya jefa a baki, wannan ba ya buƙatar bayani. Duk wannan kafin jirgi ya kai tasha ta gaba. Babbar ƙa'ida kuwa, kada ka kalli fuska. A fuska harara take, a fuska raini yake, ka kalla sau biyu kunya ta kama ka ka koma gida da kayanka.

Yaro ya riƙe wannan magana kamar karatun sallah. Cikin wata uku ya fi duk samarin layin. Shi ne mai kirarin nan da wataƙila kun taɓa ji tsakanin Ramsis da Sayyida Zainab: "Biyu fam biyar! Mai wanke maƙogwaro, mai kashe warin tafarnuwa, mai shirya miji da mata!" In ya dawo gida da yamma muna cin koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, sai ya yi ta ba ni labarin gwiwoyi. Gwiwa mai rawa ta ɗalibi ce mai zuwa jarrabawa, tana saye. Gwiwar da aka ɗora wa jakar fata ba ta saye ko za a mutu. Gwiwar da yaro ke zaune a kai kuwa ciniki ya faɗa, don kafin uban ya ce a'a an tsotse rabi.

Akwai wata gwiwa da ya fi kawo labarinta. Wando ne ruwan ƙasa, ya sha guga har yana ƙyalli, an yi masa ɗinki ƙanana a gwiwar dama da zaren da bai yi daidai da launin ba. Tana shiga a Sayyida Zainab ƙarfe biyu da rabi, ta sauka a Matariyya. Daga ɗaya ga wata zuwa ashirin tana saye kullum. Daga ashirin kuwa sai hannun ya zo, ya taɓa ledar alewar da ɗan yatsa, ya janye ya koma aljihu. To, ashe in an kai waɗannan kwanaki, Mitwalli in ya juyo sai ya kama kallon ɗaya ɓarin, ya wuce gwiwar nan kamar ya manta da ita. Da ya gaya mini na yi tsalle.

"Kai, gidan marayu muka buɗe a jirgi? Alewar daga sama take zubo maka?"

"Gwaggo, ba ta taɓa roƙona ba. Kuma irin ɗinkin nan ne a wandon Baba."

Na zage shi dai don kada ya saba, amma na tashi na shiga kicin, albasa ta ba ni uzuri. Haka ya ci gaba da mantuwarsa har shekara uku, bai taɓa ɗaga kai ya ga mai gwiwar ba.

Yadda ya haɗu da Sawsan kuma a gabana aka yi. Kun san talla a jirgi doka ta hana, in masu tsaro suka kama ka kaya sun tafi. Ran nan suka biyo shi a tashar Gamra, ya falfala da gudu, ya faɗa ƙofar da ya tarar a buɗe, ƙofa ta rufe. Taragon mata! Wayyo, zo ku ji ihu. Wata ta buga masa jaka, wata ta cire silifas, leda ta fashe alewa ta watse. Ni ina ciki da safata a hannu. Kar ku tambaye ni abin da na yi. Kwastomomina ne matan nan, shekara da shekaru, ba zan ɓata sunana ba. Na ɗaga murya na fi kowa: "Ɗan wace marar tarbiyya ce wannan?"

Sai wata 'yar siririya mai farar rigar kantin magani, Sawsan ɗin ke nan, ta fashe da dariya, ta ce, "Haba, ku ƙyale shi mana! Ba ku ga tsoro ya sa ya manta shi namiji ne ba?" Ta durƙusa tana tsince masa alewar. Ranar ne Mitwalli ya karya ƙa'idata karo na farko, ya kalli fuska. Wata bakwai bayan nan ya zo ya zauna a gabana yana murza yatsu, ya ce shi aure yake so.

Yarinya ta san sana'arsa sarai, ba ta damu ba. Matsalar ubanta ne, Malam Rifa'at, magatakarda a ofishin gwamnati shekara talatin da ɗaya, mutumin da ko shara zai fitar sai ya sa takalmi sau ciki. Ya riga ya kori wani mai keken haya da wani mai gasa masara, ya rantse 'yarsa ba za ta auri mai neman abinci a titi ba. In ya ce a'a kuwa an gama, don Sawsan ta ce ba za ta tsallake maganarsa ba, uwarta ta rasu, shi ya yi mata uwa ya yi mata uba. Yarona ya daina cin abinci, kirarinsa ma ya koma kamar sanarwar jana'iza.

Nan na kawo dabarata, kuma ban ɓoye ba, tawa ce. Na ce za mu ce Mitwalli ɗan kasuwa ne, yana da shagon sarin kayan zaƙi a kasuwar Ataba.

Sawsan ta ce, "Gwaggo, Baba ya tsani ƙarya fiye da talauci."

Na ce, "'Yar nan, kowane aure da 'yar ƙarya ake ɗaura shi, kamar gishiri ce a miya. In an haifi ɗan fari a faɗi gaskiya."

Abin da ya dame ni ɗaya ne: Mitwalli bai iya ƙarya ba. Tun yana ƙarami in ya yi ta kunnuwansa suke yin jawur kamar an dafa. Sati biyu ina yi masa bita. Shagon yana ina? Bayan gidan waya. Yaran shago nawa ke gare ka? Biyu. Na aro masa kwat wurin ɗan mai aski, na sa aka bar masa gashi ya ɗan rufe kunnuwa. Muka shiga wani babban kanti a tsakiyar gari muka sayo kwalin cakulan mai ruwan zinariya da ribom, wanda kuɗinsa ya sa na riƙe bango. Don ba a zuwa neman aure hannu rabbana.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka hau bene na uku a Matariyya. Gidan yana jikin layin jirgi, ta taga kana hango tasha. Falon kuwa dogo ne siriri, kujeru a jere jikin wannan bango, wasu a jere jikin wancan, suna kallon juna, hanya a tsakiya. Na lura da haka tun shigarmu, amma kaina bai kawo komai ba. Aka zaunar da mu kusa da ƙofa. A can ƙurya Malam Rifa'at ne, ɗan tsamurarren dattijo mai tabarau. Kusa da shi tsohuwarsa, Hajiya Zakiyya, ba haƙori ko ɗaya, da filo a cinya. Sai kawun yarinya, Alhaji Mahrus mahauci, wanda ya cika kujera biyu, da matarsa, da wasu 'yan'uwa maza uku da aka gayyato don su yi shiru su harare mu. Mitwalli ya zauna da kwali a hannu, idonsa a kan kafet.

Malam Rifa'at ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce, "An ce kana da shago."

Na yi caraf na ce, "A Ataba, ranka ya daɗe."

"Shi na tambaya, Malama."

Mitwalli ya ce, "Bayan gidan waya," da muryar wanda aka shaƙe.

Alhaji Mahrus ya gyara zama, kujera ta yi ƙara. "Bayan gidan waya? Ikon Allah! Ai ni shekara ashirin ina sayen leda a layin nan. Kusa da wa kake, ɗana? Mai fitilu ko mai agogo?"

Wannan ba ta cikin bita. Gumi ya karyo wa yaro, kunnuwa suka leƙo ta cikin gashi, jawur. Na zungure shi da gwiwar hannu, na raɗa masa, "Miƙa kwalin, sakarai, miƙa kwalin!" Nufina ya kai wa uban yarinya da hannu biyu, a yi godiya, a canza magana.

Ya miƙe. Daidai nan jirgi ya shigo tasha, bene ya ɗauki rawa, kofuna suna kaɗawa a kan tire. Aka ji ƙarar nan ta rufe ƙofa, wadda muke ji sau ɗari a rana. Ina kallo idon yaron nan ya canza. Ya ware ƙafafu kamar mai tsoron jirgi ya jefar da shi, ya fizge ribom, ya ɗora kwalin a hannun hagu.

"Salamu alaikum, jama'a!"

Inna lillahi. Sabo turken wawa! Ya bi layin dama, tap, tap, tap, cakulan ɗaya a kan gwiwar kowane ɗan'uwa. Ya ɗora wa Alhaji Mahrus, ya ɗora a jakar matarsa, ya ɗora a filon Hajiya, ya ɗora wa Malam Rifa'at. Har ni, ni da na goya shi, ya ɗora mini a jaka bai dube ni ba. Allah ya taimake mu bai yi kirarin tafarnuwa ba. Matar Alhaji ta ce, "Kai, yaron akwai ladabi, da kansa yake rabawa." Na ce a raina to, a tsaya a nan, ya Allah a tsaya a nan.

Ina! Ya kai ƙarshen falo ya juyo. 'Yan'uwan nan uku ba su taɓa nasu ba, suna jiran manya su fara. Ya bi su, caf, caf, caf, ya kwashe ya mayar kwali. Alhaji Mahrus ya miƙa hannu zai ɗauki tasa, kafin yatsunsa su iso ta koma gida. Hajiya Zakiyya ce kaɗai ta riga shi, tuni ta ɓare ta jefa a baki tana mamula. Sai yarona ya tsaya a gabanta, cikin kwat ɗin aro, ya miƙa mata tafin hannu yana jira.

Tsohuwa ta dubi hannun, ta dube shi, ta kama ta girgiza. "Lafiya lau, ɗan nan, ya mutanen gida?"

Daga bayan labule na ji Sawsan ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Ya matsa gaba, ya kai hannu kan gwiwa ta ƙarshe, sai ya sandare. Wando ruwan ƙasa, mai ƙyallin guga, da ɗinki ƙanana a gwiwar dama. Ashe wandon zuwa aikin Malam shi ne kuma na fita kunya.

Mitwalli ya ce a hankali, kamar mai magana cikin barci, "Sayyida Zainab zuwa Matariyya. Biyu da rabi."

Sannan ya ɗaga kai, ya ga fuskar, ya ga falon, ya ga kwalin a hannunsa. Nan ya farka.

Malam Rifa'at ya ce, "Tun da ka shigo na gane ka. Kai ne ba ka kallon fuska, mu muna kallo."

Yaro ya ajiye kwalin a kan tebur. Ya gyara kwat ɗin da ba nasa ba, ya ce, "Baba, ba ni da shago. Ban taɓa yin shago ba. Alewa nake sayarwa a jirgi, biyu fam biyar. Ina da difloma, tana saman firji. A gafarce ni, a gafarci gwaggona, sona take yi shi ya sa."

Alhaji Mahrus ya buga cinya. "Ɗan talla! Ɗan tallan jirgi, a gidan nan! Rifa'at, wai ka san shi ne?"

Kafin Malam ya buɗe baki tsohuwa ta haɗiye cakulan ɗinta ta yamutsa fuska. "Wannan ta cika zaƙi. Ba ta kai mai na'a-na'ar da Rifa'at ke kawo mini ba. Shekara uku, kullum ta Allah, ko rana ɗaya bai taɓa fashi ba. Ɗana ke nan."

Na ga hannun Malam Rifa'at ya damƙe hannun kujera. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da girmansa da guga da tabarau, ga surukinsa mai kuɗi a gefe, ga 'yan'uwa, ga 'yarsa a bayan labule. Kalma ɗaya daga bakin yarona, kowa ya san cewa daga ashirin ga wata magatakarda ba ya iya fitar da fam biyar, ɗan talla ne ke ciyar da uwarsa alewa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har na buɗe baki zan faɗa, don a ganina ita ce kaɗai katin da ya rage mana.

Mitwalli ya riga ni. Ya juya wurin Alhaji ya ce, "Ƙwarai ya san ni, Kawu. Babban kwastomana ne. Shekara uku kullum sai ya saya, kuma bai taɓa sauka bai biya ba."

Kunnuwan nan, jama'a! Ban taɓa ganin sun yi ja irin na ranar ba, har wuya. Malam Rifa'at ya cire tabarau ya dube su. Ya daɗe yana dubansu, mutumin da aka ce ya tsani ƙarya fiye da talauci.

Yaro ya ce, "Gwaggo, tashi mu tafi." Ya sunkuya zai ɗauke cakulan ɗin da ta rage a kan gwiwar, don ko a jirgi ba a barin kaya a jikin wanda ba ya so.

Sai Malam ya ɗora hannunsa a kai. Bai taɓa da ɗan yatsa ya janye ba. Ya kife tafin hannun gaba ɗaya, ya bar shi a nan.

Alhaji Mahrus bai gane ba, 'yan'uwa ba su gane ba, su masu motoci ne. Ni da na yi shekara goma sha takwas a jirgi na gane. Na rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta suka buɗe tagogi, ina yi hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba.

Malam ya ce, "Zauna, ɗana. Sawsan, kawo shayi. Ke kuma Malama Nagah, daga yau in na tambaye shi, shi zai amsa." Na ce na ji, ranka ya daɗe, na kama bakina har aka shafa Fatiha, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

An yi biki bayan ƙaramar sallah. Mitwalli yana nan a layinsa da ledarsa, Malam ma yana nan a jirgin biyu da rabi, saura shekara biyu ya yi ritaya. A cikin tarago ba sa gaisawa, ba sa kallon juna, sai an dawo gida a yi Baba da ɗana. Na tambayi yaron ko har yanzu yana mantuwa daga ashirin ga wata, ya ce shi bai san zancen da nake yi ba, kunnuwa suka ba ni amsa.

Jiya ya zo gaishe ni, ya zauna a ƙasa yana shan shayi. Na sauke ido kan wandonsa, na ga ya ɗan yage a gwiwa an gyara. Ɗinki ne ƙanana, da zaren da bai yi daidai da launin ba.